Yadda muka samo wa ƙanena lauya a shari'ar fashi

Ƙanena mai gyaran waya ne a PZ, Zariya. Wata waya da aka kawo masa gyara ashe ta fashi ce, aka bi sawunta har shagonsa, aka haɗa shi da waɗanda ake zargi da fashi da makami.

Ranar da aka kai shi kotun majistare, Baba har da takardar gida ya ɗauko, wai don beli. Aka karanta FIR, takardar tuhumar da 'yan sanda ke gabatarwa, alƙali ya ce wannan laifi ya fi ƙarfin huruminsa, na Babbar Kotu ne. A tsare shi a gidan gyaran hali na Ƙofar Doka har a samu shawarar DPP, wato daraktan gabatar da ƙararraki na gwamnati, daga Ma'aikatar Shari'a. Kafin mu gyara zama an kira wata ƙarar. A bakin ƙofa kuwa masu "na san wani a ciki" suka yi mana caa. Kada ka ba su ko sisi.

Ba mu da kuɗin babban lauya. Wani maƙwabcinmu da ya yi karatu a Kongo, inda tsangayar shari'a ta ABU take, shi ya faɗa mana akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 don marasa hali, kuma ƙungiyar lauyoyi reshen Zariya na da masu karɓar irin wannan aiki kyauta. Ta nan muka dace da wata barista.

Tambayarta ta farko ba "ya yi ko bai yi ba" ce. Cewa ta yi, "Malam, me ya sa wa hannu a caji ofis?" Ta bayyana mini cewa sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har ya gana da lauya, kuma bayanin da mutum ya sa wa hannu a ruɗe yakan zama babbar hujja a kansa a Babbar Kotu. Allah Ya sa nasa bai wuce "gyara aka kawo mini" ba.

Sai ta aike ni shago na ɗauko littafin da yake rubuta aiki, duk ya yi baƙi da datti. Ga kwanan wata, ga sunan da mai wayar ya bayar, ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da biro. Ta yi kwafi, ta haɗa da wasiƙa zuwa ofishin DPP, ta dinga bin fayil ɗin da kanta, tana kuma shirya neman beli a Babbar Kotu da ke Dogarawa.

Ba a kai ga nan ba. Bayan 'yan watanni shawara ta fito cewa babu tuhumar da zai amsa, majistaren ya sallame shi. Kuɗin mota da na kwafin takardu kawai muka kashe.