Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daren da aka ɗauke wuta ina cikin dutsen Karamja

Salam jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Satin da ya wuce na tsaya a inda na gama sakandare a 2006 na shiga zaman jiran admishan a Zariya, kuma na ce zan faɗi abin da ya cinye min wannan shekara ɗaya da rabin. To gem ne. Da niyyata in taɓa shi sama-sama in wuce, amma ranar Juma'a ɗan yayata ya tsokano ni, ya leƙo wayata ya ga ina saran bishiya a RuneScape sai ya ce, "Kawu wai har yanzu akwai masu buga irin wannan? Ai ya mutu." Tun ranar maganar take cina, shi ya sa na ba shi kashi guda.

Akwai wani kafe a bayan layinmu, kwamfuta goma sha biyu ne a ciki, biyu kullum a mace. Da rana tikitin awa ɗaya ya fi ƙarfina, don haka na dare nake saya, daga ƙarfe goma har asuba, a rufe ƙofa da mu a ciki. Yawancin mutane Yahoo Messenger suke yi ko cike fom, ni kuma wani ɗalibi da ke zama a kwamfutar kusa da ni ne ya nuna min RuneScape. Wani kamfani a Kambirij ta Ingila mai suna Jagex ne ya fitar da shi a 2001, kuma abin da ya sa ya yi mana daidai shi ne ba sai ka saka komai a kwamfuta ba, a burauza yake buɗewa, kyauta ne, kuma netwok ɗinmu mai tafiyar hawainiya yana iya ɗaukarsa. World of Warcraft da ake ta zuzutawa lokacin sai dai mu ga hotonsa, dala 15 duk wata kuma da katin banki na waje, wa zai ba ka?

Wanda bai taɓa bugawa ba zai yi wuya ya gane, ba irin gem ɗin da ake cinyewa a tashi ba ne. Gari ne guda aka sake ka a ciki da mutane na gaske daga ko'ina, ka fara a wani wuri mai suna Lumbridge ba ka da komai, ka koyi sara da su da haƙar ma'adini da girki, komai da lebul ɗinsa har 99. Ni masunci na zama. Sai ka kai lebul 40 kafin ka iya kama lobsta, wani irin babban jatan lande, kuma wurin kamun yana tsibirin Karamja, ka biya kuɗin jirgi sulalla 30 daga Port Sarim ka sauka a wata tasha da ake ce wa Musa Point, wallahi ranar da na fara ganin sunan nan sai da na yi murmushi ni kaɗai. Can bakin gadar mutane ke cika maƙil, kowa ya jefa kejinsa yana jira, kuma tunda jiran yana da tsawo sai hira. Rabin turancin da na shiga jami'a da shi a bakin gadar nan na koya.

A nan na haɗu da wani yaro ɗan Holan, sa'ana ne ko ya girme ni da kaɗan. Shi ma ɗan dare ne, ya tambaye ni garinmu na ce Najeriya, ya yi ta tambaya, har azumi sai da na yi masa bayani don ya ga ina cewa zan tashi in yi sahur. Wata rana a 2007, bayan na yi wajen wata uku ina tara kuɗin kifi na sayi sulken rune, wani ƙarfe mai tsada a gem ɗin, muka shiga cikin dutsen Karamja tare muna kashe wasu jajayen aljanu da ke ciki. Dokar gem ɗin a lokacin in ka mutu abu uku kawai kake tsira da su, sauran duk su zube a ƙasa, bayan ɗan lokaci kowa ya gani ya kwashe. Ina tsakiyar faɗa jinina ya yi ƙasa na kai hannu zan ci kifi in ƙara jini kenan sai ɗif, aka ɗauke wuta. Kafe ya yi duhu, sai ƙarar fanka tana mutuwa a hankali. Mai kafe ya fita da tocila yana ta jan igiyar janareto ya ƙi tashi, ni kuwa ina zaune hannuna na kan maus ban ma iya cire shi ba, ina lissafin dare nawa na kwana a kujerar roba saboda kayan nan. Sai da aka yi kusan minti ashirin kafin kwamfuta ta dawo. Na shiga na tsinci kaina a Lumbridge da abu uku.

Ban gama haɗiye abin ba sai ga saƙonsa, ya ce in tsaya inda nake. Ashe ya tsaya a kan kayana har suka bayyana ya kwashe, ya zubar da nasa kifin don ya samu wuri, ya hau jirgi ya tako tun daga can. Ya buɗe min tagar ciniki ya zuba komai, ni ban sa ko sulai ɗaya ba. Mutumin da bai san fuskata ba, kuma da ya tafi da su babu abin da zan iya. Har yau in ana maganar amana shi nake fara tunowa.

Bayan 'yan watanni, farkon 2008, aka hana irin wannan kyautar a gem ɗin saboda masu sayar da zinaren gem da kuɗin gaske sun yi yawa, sai 2011 aka dawo da ita. Ni lokacin na riga na samu makaranta na bari.

To yanzu maganar ɗan yayata, ya mutu ko bai mutu ba? Tsakani da Allah yana da gaskiya ta wani ɓangaren. World of Warcraft ya kai masu biya miliyan 12 a 2010, zuwa 2015 ya sauko miliyan 5.5, daga nan kamfanin ya daina faɗin adadin. Wasu irinsa kuma, City of Heroes an rufe shi a 2012, WildStar a 2018. New World na Amazon ya fito a 2021 mutum sama da dubu 900 suka shiga lokaci guda, kafin a jima aka watse. Sababbin ne ba sa kama ƙasa, don gina irin wannan duniyar yana cin shekaru da kuɗi masu yawa, kuma wanda ya zuba shekara goma a wani gem da abokansa a ciki ba zai tashi ya koma sabo ya fara daga sifili ba. Amma tsofaffin suna nan da ransu. A Disambar 2021 sai da aka dakatar da sayar da Final Fantasy XIV saboda cunkoso. RuneScape kuma a 2013 suka ɗauko ajiyayyen kwafin 2007, wato daidai wanda na sani, suka sake buɗe shi da sunan Old School, ya zo waya a 2018, kuma a 2024 ya haura mutum dubu 200 a lokaci guda.

Abin da ni na ga ya ragu shi ne hirar. Na koma bakin gadar Musa Point a wayata, mutane na nan amma shiru, kowa ya bar mutuminsa yana su shi yana can manhajar hira ta Discord ko YouTube. A da gem ɗin ne dandalinmu, yanzu dandali ya yi yawa. Sannan lokaci. Daga lebul 1 zuwa 99 maki miliyan 13 ne da ɗoriya, in ka kai 92 rabi kawai ka yi, wannan sai mai zaman jiran admishan. Ɗan yayata Free Fire yake bugawa da abokansa na unguwa, minti goma sha biyar an gama an san wanda ya ci, ya dace da datarsa da cajinsa, kuma ban ga laifinsa ba. Da na gama ba shi labarin dutsen Karamja ya yi shiru, can ya ce, "To Kawu shi naku yaushe ake cinyewa?" Na ce ba a cinyewa. Ya ce to ina ɗan Holan ɗin yake yanzu? Na nuna masa jerin abokaina, na sa sunan tun 2018, kullum ja yake nunawa, alamar ba ya kan layi, kuma ban goge ba.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan faɗi yadda Baba ya gano ba a masallacin unguwa nake kwana ba, da abin da ya biyo baya ranar da sunana ya fito a jerin admishan.