Wata Uku Muna Cewa Tsufa Ne

Baba yana da shekara 74 farfaɗiya ta same shi, shekara guda bayan shanyewar ɓarin jiki. Likita ya ce tabon da wancan ciwon ya bari a ƙwaƙwalwa ne, kuma haka take yawan zuwa wa tsofaffi. Aka ɗora shi a kan carbamazepine, wadda 'yan kemis suka fi sani da Tegretol, safe da dare. Faɗuwa ta tsaya cak, muka yi hamdala.

Ranar da aka rubuta maganin, likita ya tambaye ni ko Baba yana shan wani abu. Na ce, "Na hawan jini ne kawai." Ban zo da kwalin ba, ban kuma san sunansa ba. Wannan amsar ce har yau take ci mini rai.

Mutumin da ya yi shekara arba'in yana lissafin buhunan hatsi da ka, sai ga shi yana tambayata raka'a nawa ya yi. Bayan asuba barci ya kwashe shi da carbi a hannu. In zai tafi masallaci sai ya bi bango yana tangaɗi, ga jiri, wata rana ma ya ce buta biyu yake gani a gabansa. Ya daina hira, ya daina kunna rediyonsa. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce, "Ai tsufa ne, sai haƙuri." Ni ma na bi sahu. Inna ce kaɗai take cewa, "Alhaji ba haka yake ba, tun da aka fara ƙwayar nan ya sauya." Ban saurare ta ba, tunda farfaɗiyar ta tsaya, ita kawai nake dubawa.

Wata uku muna haka. Ran wata Laraba ya tsuguna alwalar la'asar, ya zo miƙewa ya kife a kan hannunsa na hagu, wuyan hannun ya karye. A asibiti aka ɗebi jini, sinadarin sodiyam, wato gishirin da ke cikin jini, ya sauka zuwa 123, alhali ya kamata ya tsaya tsakanin 135 da 145. Likitar da ta duba shi ta ce in je gida in kwaso duk abin da yake sha a leda ɗaya. Tana ganin na hawan jinin ta ɗago ta dube ni: irin mai sa fitsari ne. Shi yana rage sodiyam, carbamazepine ma tana ragewa, jikin tsoho kuma ba ya jure haɗin. Kwali ɗaya da zan sa a aljihu tun ranar farko!

Daren nan na so in zubar da ƙwayoyin gaba ɗaya. Likitar ta hana ni, ta ce yanke maganin farfaɗiya kwatsam yana iya jawo wadda ba ta tsayawa. A hankali aka riƙa janye carbamazepine ana shigo da wani maganin farfaɗiyar, levetiracetam, aka kuma sauya na hawan jinin. Cikin 'yan makonni kansa ya washe, tafiyarsa ta miƙe.

Sabon ma ya zo da nasa. Baba da bai iya faɗa ba ya daka wa jikarsa tsawa a kan kofin shayi har ta yi kuka. Wannan karon ban ce tsufa ba. Kwana biyar muka koma, da ledar magani da takardar da Inna ta sa na rubuta abin da take gani kullum. Aka rage adadin, saboda ƙodar tsoho ba ta saurin fitar da shi, zafin ran ya lafa.

Lissafinsa ya dawo, jiya ma ya gyara mini kuɗin masara. Hannun ne dai bai koma daidai ba. Har yanzu ba ya iya ɗaga buta cike da ruwa, ni nake zuba masa.