Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Hannu da Suna

A makon jiya na tsaya a inda aka danƙa mini renon ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaje-gwaje. Wanda bai taɓa yin wannan aiki ba yakan ɗauka zuba ruwa ne a faranti kawai, alhali ƙwayar da aka raba da jiki ba ta yafe sakaci. Sai an ajiye ta a zafin digiri 37, cikin iskar da kashi 5 cikin 100 nata kabon dayoksaid ne, kuma ruwan da take rayuwa a ciki ja ne, da zarar ya fara komawa rawaya to ya yi tsami, dole a canza shi ko da ranar hutu ce. Sai da ta kai ina ɗora faranti a ƙarƙashin madubin ƙara girman ƙananan abubuwa nake gane halin da suke ciki: masu lafiya sukan shimfiɗe su manne wa gindin farantin, waɗanda suka wahala kuma su dunƙule su taso suna yawo a saman ruwan.

Shugaban sashenmu yakan nuna ni ga baƙi ya ce, "Wannan 'yar tawa Allah Ya ba ta hannu." Hannu yake cewa kullum, ban taɓa jin ya ambaci tunani ba. Ni ce na fara lura cewa ƙwayoyin suna daina rabuwa idan aka rage musu wani sinadari, ni ce kuma na tsara gwajin da ya tabbatar da hakan, amma da aikin ya fito a mujalla sai na tarar da sunana a sakin layin godiya, kusa da na wanda ya gyara mana na'urar sanyaya kaya. Na kai kukana wurin Goggo, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "'Yar nan, mahaƙurci mawadaci."

Ƙwayoyin da nake reno a lokacin HeLa ne, waɗanda aka ciro daga jikin Henrietta Lacks a Baltimo ta Amurka a 1951 ba tare da izininta ba, kuma an daɗe ana amfana da su kafin duniya ta san sunan mai su. Daga baya ne na karanta yadda hoton DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwaya, da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin a 1952 ya taimaka wajen gano siffar DNA, ta rasu a 1958, kyautar Nobel ta 1962 a kan wannan aiki kuma ta tafi ga maza uku, Watson da Crick da Wilkins. Lynn Margulis ta sha ƙin amincewa daga mujallu da dama kafin a buga bayaninta a 1967, cewa mitokondiriya, wato sashen da ke samar wa ƙwaya ƙarfi, asalinta bakteriya ce da ta zauna cikin wata ƙwayar. Yau wannan bayani yana cikin littattafan 'yan shekarar farko a jami'a.

Shekarun aure da haihuwar yara ba zan tsaya a kansu ba, don 'yan gida sun san yadda aka yi. Abin da ya dawo mini da maganar Goggo shi ne ranar da aka bayyana Katalin Karikó da Drew Weissman a matsayin waɗanda suka ci Nobel ta 2023 saboda aikinsu a kan mRNA, wato saƙon da ke gaya wa ƙwaya abin da za ta ƙera, aikin da ya share hanyar rigakafin korona. Ɗan'uwana ya kira ni yana murna, wai ga ribar haƙuri nan. Na ce masa, Yaya, matar nan Karikó rage mata matsayi aka yi a Jami'ar Pensilbaniya a 1995 saboda ba ta samo kuɗin bincike ba, kuma ba haƙurinta ne ya wanke waɗanda suka yi mata hakan ba. Allah Ya ji ƙan Goggo, ta faɗi abin da ta gada ne da kyakkyawar niyya, amma na ga yadda ake ɗaukar karin maganar nan a rufe bakin mace da ita.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na Carol Greider ne. Ɗaliba ce a ɗakin binciken Elizabeth Blackburn lokacin da ta ga alamar telomares a 1984, sinadarin da ke ƙara tsawon bakin kuromosom, wato zaren da DNA ke naɗe a cikinsa, don kada ya ƙare saboda yawan rabuwar ƙwaya. Da aka buga aikin a 1985 sunan ɗalibar ne a gaba, kuma a 2009 suka karɓi Nobel tare, su biyu da Jack Szostak. Da na sami nawa ɗakin binciken, ƙa'idar farko da na kafa ita ce a rubuta sunayen masu aiki tun ranar da aka fara gwaji, kowa ya sa hannu. Shugaban nan nawa ya ji labari, ya aiko a gaya mini cewa na cika riƙo. Amsar da na mayar masa, da abin da ta jawo mini a wurin neman ƙarin girma, su zan kawo a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.