Na Koma Bar Beach, Na Tarar Teku Ya Ja Baya

Ina saurayi na fara ganin teku, lokacin da kawuna mai fataucin albasa ya tafi da ni daga Maradi zuwa Legas, wadda tsofaffinmu ke kira Ikko. Ga wanda bai san wani ruwa ba sai Gulbin Maradi, wanda ke ƙafewa da rani har a ratsa yashinsa da ƙafa, bakin tekun nan na Legas da ake kira Bar Beach abin firgita ne. Babu shinge, babu ƙofa. Masu dawakin haya, masu tsire da ƴan coci masu fararen riguna duk suna kan yashi ɗaya. Kawu ya nuna mini inda sojoji suka riƙa harbe ƴan fashi a bainar jama'a tun daga 1971, sannan ya ce: "Ɗana, kada ka bari ruwan nan ya wuce maka idon sawu."

Bara na sake bin hanyar, ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, na isa a gajiye, washegari kuma na nufi wurin. Ban same shi ba.

Dama tun a wancan zamani teku yana cin gaɓar, domin katangun duwatsu da Turawan mulkin mallaka suka gina a bakin mashigar jiragen ruwa tsakanin 1908 da 1912 sun tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma, har ambaliya ta riƙa mamaye titin Ahmadu Bello. A 2008 aka soma aikin gina sabon birnin Eko Atlantic: aka yaso yashi daga ƙarƙashin teku aka cike wurin, aka kare shi da doguwar katanga ta duwatsu da tubalan kankare masu nauyin tan 5 kowanne. A ganina aikin ya tsare unguwar da ke gaɓar daga ambaliya, wannan ba abin musu ba ne, sai dai inda muka zauna da Kawu muna cin gyaɗa yanzu kwalta ce da dogayen benaye.

Da yamma na ƙarasa wani bakin ruwa a wajen Lekki, inda sai da na biya kuɗin shiga kafin na taka yashi. Can na tarar da wani Bakatsine riƙe da linzamin doki, muka gaisa, ya ce: "Alhaji, hawa za ka yi ko hoto?" Na ce masa hoto, domin in kai wa Kawu.