Taki da ƙwayoyin halittar da ke saiwar tumatir

Saiwar tumatir tana tsiyayar da sukari cikin ƙasa, shi ne abincin ƙananan halittun da ke zagaye da ita. Cikinsu akwai wani fungas mai kama da zare da ke jawo mata sinadarin fosfaras, wanda shuka ke buƙata don girma. Idan aka tula takin zamani na NPK a bokitin da aka dasa tumatir, fosfaras ya yi yawa, sai shukar ta rage ciyar da fungas ɗin, ya ja baya. Haɗin da za a iya zubawa a bokitin: kashi 2 ƙasa, kashi 1 ruɓaɓɓen taki, kashi 1 babbakakken ɓuntun shinkafa. Ɗanyen kashin kaji kuwa, kul! Ƙona saiwa yake. A huda gindin bokitin, don in ruwa ya kwanta iska za ta ƙare, cutar ruɓa ta kama dashen daga wuya.