TARIHIN RAYUWATA (Kashi na 11): Ai ka dawo da ƙafafunka biyu

Assalamu alaikum jama'a. Wancan makon na tsaya a inda aka dawo da mu sojoji daga yaƙin Saliyo aka ba mu hutu na taho Kano, kuma nasan nace yau zan kawo rigimar gidanmu na Gwammaja, ku yi haƙuri sai wani makon, tun daren Talata ƙafar nan ta hana ni runtsawa, kuma duk sanda ta motsa maganar Baffa ce take dawo min, gara in faɗe ta in huta.

Ranar da na dawo, a zaure, ana ta shigowa yi min barka da arziki, nace masa Baffa bayana fa yana damuna. Ya dube ni sama da ƙasa yace "kai dai ka gode Allah, ai ka dawo da ƙafafunka biyu." Ranar gaskiya ya faɗa, ban ja ba. Duk wanda yake Firitawun, babban birnin Saliyo, ranar 6 ga Janairun 1999 da 'yan tawaye suka shigo gari ya san me ake nufi da mutum ya dawo da ƙafa da hannu, mun ga yaran da aka datse wa hannu da adda, mun bar abokanmu a can waɗanda har yau iyayensu ba su san inda kabarinsu yake ba. Amma Baffa ya riƙe maganar nan ya mayar da ita abun rufe min baki shekara da shekaru, in nace wash yace ƙafafu biyu, in na kasa zuwa gaisuwar mutuwa yace ƙafafu biyu.

Ni ba harsashi ne ya same ni ba, shi yasa. Da damina ne a 1998, bayan an mayar da shugaban Saliyo Tejan Kabbah kan mulki, muna kan hanya daga garin Lungi cikin babbar mota shaƙe da akwatunan harsashi, hanya duk taɓo, motar ta zame ta kwanta a rami, akwati guda ya taho ya dake ni a ƙugu. Na tashi da kaina na karkaɗe jiki. Mai kula da lafiyarmu ya ba ni fanadol da man zafi, shikenan, wa zai tsaya duba baya alhali ga wani can kwance hanjinsa a waje. Kuma tun kafin nan ma bayan ya sha wuya, tun Dafo a Zariya inda ake horar da sabbin sojoji, ana ɗora mana kaya muna gudu, ana dirowa daga mota da bindiga da komai, ana tsayuwar fareti cikin rana har mutum ya faɗi. Duk wani kurtu da ya yi Laberiya da Saliyo ku tambaye shi bayansa ku ji.

Da farko a ƙugu kawai yake, sai ya sauko. Yana tasowa daga ɗuwawun hagu ya bi bayan cinya ya bi sha-raɓa har babban ɗan yatsa, kamar an jona min wayar wuta, in nayi tari ko atishawa sai ya zabura. Da daddare kuma tafin ƙafar zafi yake kamar ana gasa shi, ko zanin rufa ya taɓa sai na ji har ƙwaƙwalwa, amma kuma wannan ƙafar dai ita ce ba ta jin ƙaya. Wata rana a Kantin Kwari ina tafiya sai naji yaro yana bina da gudu yana Baba Baba ga takalminka, na duba ƙasa, ashe silifas ɗin hagu ya zame tun can baya, ina ta taka ƙasa mai zafi da ƙafa tsirara ban sani ba. Na karɓa na gode masa, na samu bakin wani shago na zauna, wallahi ranar hawaye sai da ya zo min.

A gida kowa da nasa. Gwaggo tace na taka wani abu ne a ƙasar mutane, Baffa yace sanyi ne, ruwan Saliyo ne ya shiga ƙashi, ya sa aka kirawo wanzamin gidanmu. Ni ba na raina ƙaho, in an yi min jiki yana sakewa na ɗan lokaci kuma wanzamin nan shi ya yi mana kaciya dukkanmu, mutum ne mai mutunci. Amma da ƙaho bai yi ba sai Baffa yace a yi sakiya, aka sa ƙarfe a wuta ya yi ja aka ɗora min a ƙugu, ina cije da gefen riga don kada yara su ji soja yana ihu. Har yau tabon yana nan. Duk bayana babu tabon yaƙi ko ɗaya, wanda yake akwai na sakiyar nan ne, kuma ciwon ko gezau.

Shekarun da suka biyo baya ba wani abun faɗa, aiki ne da canjin bariki da haihuwar yara, har na ajiye kaki. Abun da zan faɗa shi ne ranar da ɗana Abba ya matsa ya kai ni Asibitin Ƙashi na Dala. Likitan yaro ne, bai fi sa'an Abba ba, ya kwantar da ni ya ɗaga ƙafar a miƙe, ko rabi bai kai ba na riƙe masa hannu. Ya buga gwiwa da ɗan gudumarsa, yace in yi tafiya a kan dunduniya na kasa, yace in ɗaga babban ɗan yatsa ya danna da yatsa ɗaya ya koma. Sai yace "Baba ciwonka ba a ƙafa yake ba, a baya yake, ƙafar saƙo kawai take karɓa." Ya tura ni hoton MRI, kuɗin sai da muka haɗa da na adashin uwargida. Da muka kawo ya nuna min, yace ƙasusuwan ƙugu guda 5 ne, tsakanin kowanne akwai wani faifai mai taushi da yake hana su gogar juna, nawa na tsakanin L4 da L5, wato ƙashi na huɗu da na biyar, ya fashe ya bullo ya danne tushen jijiyar da take sauka ƙafa, wadda ita ce jijiya mafi girma a jikin mutum, kuma hanyar da jijiyoyin suke bi ma ta ƙuntata saboda shekaru. Yace jijiyar da ta daɗe a danne ita da kanta take lalacewa, ta riƙa aika zafi ko babu abun da ya taɓa ta, wani wajen kuma ta daina aika komai, shi yasa ƙafa ɗaya take ƙuna kuma take mutuwa.

Na ɗauki hoton nan har Gwammaja na kai wa Baffa. Ya ɗaga shi saitin hasken ƙofa ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo min yace "to ai ga shi ƙashi bai karye ba." Nace Baffa jijiya ce. Yace "kai dai ka gode Allah." Bai ƙarasa ba amma na san sauran.

Maganar magani kuwa ita ce ta fi ci min rai. Shekaru muna shan diclofenac daga kemis ba wanda ya taɓa ce mana yana cin ciki yana taɓa ƙoda, sai da olsa ta kama ni. Likitan Dala ne ya fara ce min irin waɗannan ba su cika kama ciwon jijiya ba, ya rubuta min amitriptyline na dare da pregabalin, na farkon yana busar da baki ya sa nauyin barci har Asuba ta so ta kuɓuce, na biyun jiri yake sa ni a farko. Ba su kashe ciwon ba amma sun rage shi har mutum ya samu ya kwanta. Sai lokacin da ya tsananta aka rubuta min tiramol na 'yan kwanaki, ƙaramin, na 50, daidai 2018 da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin gari ya ɗauka kowa maganar 'yan ƙwaya yake. Na shiga wani kemis da takardar likita a hannuna, yaron ya dube ni a gaban mutane yace "haba Baba, har da ku?" Ni da na tsaya a gaban wuta a ƙasar wasu. Kafin sati maganar ta isa Gwammaja, an ce wai soja ya koma shan ƙwaya, kuma Baffa bai kira ni ya tambaye ni ba, sai ji nayi an damƙa wa ƙanina riƙon takardun gida da karɓar kuɗin haya, abun da ni ne babba a ɗakinmu. Waɗanda suka kai maganar suna karanta wannan rubutun, sun san kansu, ban manta ba.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. Duk 15 ga Janairu in mun haɗu ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ku lura da yadda muke zama, rabinmu a karkace muke a kan ɗuwawu ɗaya. Wajen tantance 'yan fansho kuwa wanda aka yanke wa ƙafa ana shigar da shi gaba, kuma ya cancanta, mu masu ƙafafu biyu sai mu tsaya a layi tun safe, tsayuwar da ita ce babbar abokiyar gabar wannan ciwo. Akwai wani Saje mutumin Zuru da muka yi Saliyo tare, shi ma haka ya riƙa daurewa yana cewa namiji ne, har wata rana ya ji tsakanin cinyoyinsa ya mutu fitsari ya ƙi fita, ya zauna yana shan jiƙo, da aka kai shi likita yace wannan alamar ba a kwana da ita, aiki ake yi cikin gaggawa. Yanzu da roba yake fitsari. Shi yasa duk tsohon sojan da na haɗu da shi nake ce masa in fitsari ko bayan gida ya fara ƙwace maka, ko ƙafa ta fara ja da ƙasa, ka bar komai ka tafi asibiti a ranar.

Sallah ma sai da aka yi min surutu da na fara kai kujerar roba masallaci, wai ga ni garau ina tafiya. Allah ya saka wa limaminmu, shi ya karanto hadisin Imrana ɗan Husaini bayan Magariba, cewa ka yi a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kishingiɗe, daga nan aka yi shiru.

Baffa ya rasu a mace-macen nan na Kano lokacin korona a 2020, Allah ya ji ƙansa ya sa ya huta, shi ya riƙe mu bayan mahaifinmu ya yi mana aure, ba zan taɓa musun wannan ba. Ban iya ɗaukar makararsa ba, na bi a baya ina jan ƙafa. Na yafe masa duniya da lahira, amma na so ace ko sau ɗaya yace min sannu da jiki, bai faɗa ba.

Yanzu dai haka nake lallaɓawa. Bayan La'asar in taka daga gida zuwa bakin titi in dawo, don masu gashin ƙashi sun ce kwanciya ita ke ƙara sandarar da baya, in yi motsa jikin da suka koya min a kan tabarma, in kwanta a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi. Adaidaita sahu in hanya ba kyau ba na shiga. Uwargida kullum da daddare sai ta haska tafin ƙafar da fitilar waya ta duba ko na taka wani abu ban ji ba, Allah ya biya ta. Magani kuwa tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗinsa ya tashi, fansho ba ya kai mu ƙarshen wata sai Abba ya cika.

Likita ya kawo maganar aiki, yace zai iya rage zafin ƙafar amma inda ya riga ya mutu ba lallai ya dawo ba. Abba yace a yi, uwargida tace ba da yawunta ba, ni kuma ina ta istihara ban yanke ba tukuna. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan kawo maganar gidan Gwammaja da yadda takardun nan suka ƙare a hannun wanda suka ƙare.