Wasiƙa daga Faransa: kafin a cire wa tsohuwar mota birkin ganga

Zuwa ga iyayena da 'yan'uwana makanikai da direbobi na Garwa da Marwa da Ngaundare, har zuwa Kusiri da Injamena.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali, dalilin wannan takarda shi ne wata buƙata da ta zo mini daga mutum uku cikin daminar nan. Biyu suna da Land Cruiser samfurin 40, ɗaya yana da Peugeot 404 da ya gada daga mahaifinsa, kuma kowannensu so yake in saya masa faranti biyu (faifan ƙarfe na birki da yake juyawa tare da taya) da etiriye biyu (abin da yake matse farantin idan an taka birki) a nan in aika, domin ya cire birkin ganga na gaba ya sa na faranti. Har yau ban aika wa kowa ba, kuma na ga ya dace in faɗi dalilina a bainar jama'a, kada a ɗauka rowa ce ko ƙyuya.

Niyyarsu dai tana da kyau. Duk wanda ya taɓa gangaro Falez, wato babbar gangarar dutsen nan, daga Ngaundare zuwa Garwa da mota ɗauke da kaya ya san yadda birkin ganga yake yi idan ya ɗauki zafi: gangar tana buɗewa ta nisanci takalman birki, feda ta riƙa nutsewa, direba yana takawa mota tana ci gaba abinta. Haka kuma idan an tsallake mayo, wato kogi, da damina, ruwa yakan zauna cikin ganga ya hana birki kamawa na ɗan lokaci. Faranti kuwa a fili yake, iska tana sanyaya shi, ruwa yana zubewa da kansa. Masu ƙera mota sun daɗe da gane haka, domin da birkin faranti Jaguar ta ci tseren Le Mans a 1953, Citroën DS kuma ta fito da shi a ƙafafun gaba tun 1955.

Abin da nake so a fahimta shi ne faranti da etiriye su ne kawai ɓangaren da ido yake gani. Aikin yana farawa ne daga masta, wato tukunyar da take tura man birki idan an taka feda. Mastar da aka yi domin birkin ganga takan zo da wani ɗan bawul a bakinta wanda yake riƙe ragowar matsi cikin tiyo, kimanin bar 0.7 a ma'aunin matsi, ko da an ɗaga ƙafa. Wannan bai dami ganga ba, saboda tana da sifirin masu ƙarfi da suke ja da takalma baya. Etiriye ba shi da irin waɗannan sifirin, robar da ke kewaye da fistin ce kaɗai take mayar da shi baya kaɗan, saboda haka wannan ragowar matsi takan bar plaket, wato takalman birkin faranti, manne da faranti. Ni da kaina na yi wannan kuskure a shekarata ta farko a garejin da nake aiki. Na haɗa komai ya yi kyau, muka fita gwaji, ba mu yi nisa ba sai ƙauri ya cika mota, na taɓa janti, wato ƙarfen da taya take kai, na ji kamar kaskon tuya. Maigidana bai yi mini faɗa ba, miƙo mini sifana kawai ya yi ya nuna masta. Ko dai a cire wannan bawul daga layin gaba, ko kuma a sayi mastar da aka yi domin faranti a gaba da ganga a baya, kuma na biyun nake ba da shawara, domin irin wannan masta tana da layi biyu, idan tiyo ɗaya ya fashe ɗayan zai tsayar da mota. Tsofaffin motoci da yawa layi ɗaya gare su, wanda idan ya zubar da mai an rasa birki gaba ɗaya.

Faɗin bakin masta ma abin lura ne, kuma a nan ne mutane suke yaudarar kansu da cewa babba ta fi. Idan aka sa mai milimita 25.4 a wurin mai 22.2, matsin da ƙafa ɗaya take bayarwa yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, feda ta yi tauri kamar dutse amma mota ba ta tsayawa. Idan kuma ta yi ƙanƙanta, feda za ta yi nisa kafin ta kama, domin fistin ɗin etiriye yana shan mai fiye da na ganga. Sannan ga maganar mastabak, wato na'urar da take ƙara wa ƙafa ƙarfi idan an taka birki. Takalmin ganga yana taimakon kansa, juyawar ganga tana ƙara danna shi, faranti kuwa ba shi da wannan taimako, don haka motar da take tafiya lafiya ba mastabak a da tana iya buƙatarsa yanzu. Mastabak da zuƙar iska yake aiki. Injin fetur yana samar da ita da kansa, amma mai injin dizal sai ya tabbatar akwai famfon zuƙa, wanda a Toyota da yawa yake manne a jikin altaneta.

Yanzu sai batun inda za a samo kayan, wanda shi ne ainihin abin da ya hana ni aikawa. A nan Turai ana sayar da cikakken saiti mai sheƙi, da etiriye na alminiyom da faranti mai huji-huji, kuma babu shakka yana da kyan gani. Tambayar da nake yi ita ce: ran da plaket ya cinye a Mokolo, ko robar fistin ta tsage a Mundu, wa zai sayar maka da wani? Motar da birkinta yake jiran jirgi daga Faransa ta zama kayan ado. Hujin nan ma ba alheri ba ne a hanyoyinmu, domin yashi yana shiga ya ci plaket, kuma daga bakin huji faranti yake fara tsagewa. Shawarata ita ce a ɗauki kayan duka daga mota ɗaya, 'yar gida ɗaya da taka, wadda kayanta suke a kasuwanninmu. Mai Land Cruiser 40 ya yi sa'a, domin na ƙarshe-ƙarshen samfurin, da aka daina ƙerawa a 1984, da kuma samfurin 60 da ya fito a 1980, akwai masu faranti a gaba, kuma ƙusa shida ce duka. Sai dai a ɗauko kan aksil ɗin gaba ɗayansa, da hob da gwiwar da take juyawa cikinsa, a kuma gwada hannun sitiyari kafin a biya kuɗi, domin ba kullum yake dacewa ba. Mai 404 shi ma ya nemi ta ƙarshen shekarun 1960 zuwa sama, lokacin da Peugeot ta fara sa wa masu fetur faranti. Haɗa etiriyen wannan da farantin wancan da mastar wata, sannan a kai wa mai walda ya ƙera abin riƙewa da ido, wannan ban yarda da shi ba ko a motar maƙiyi.

Idan na hannu za a saya, a duba gefen faranti, akwai lambar mafi ƙarancin kauri da aka buga a jiki, kuma wanda ya kai ta ya gama aiki komai kyan fuskarsa. Etiriye akwai na dama akwai na hagu, kuma ƙusar fitar da iska dole ta kasance a sama, in ba haka ba za a kwana ana fitar da iska feda tana nan laushi. A gwada janti a kai tun da wuri, domin tsohon janti yakan goga etiriye. Bakin tiyon Toyota da na motocin Turai ba iri ɗaya ba ne ko da zaren ƙusar ya shiga, kuma tiyon roba da plaket sababbi ake saya, ba na gwanjo ba.

Birkin baya kuwa, a bar kaza cikin gashinta. Gaba ne yake ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, ganga ta wadatar a baya, kuma a 404 birkin hannu a cikinta yake. Abin da ake buƙata shi ne bawul mai rage matsin baya, domin idan tayoyin baya suka riga na gaba kullewa, musamman a mota marar kaya a kan jar ƙasa, gindinta zai juyo gaba.

Man birki a sa mai lamba DOT 4, wanda sabonsa ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, alhali DOT 3 yana tsayawa a 205. Dukansu suna shan danshi daga iska, har DOT 4 ɗin ya riƙa tafasa a digiri 155, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu kuma ba a sayen na buɗaɗɗiyar kwalba. Kada a haɗa shi da DOT 5, kada kuma koren man nan na Citroën ya kusanci tukunyar, domin kumbura robobi yake yi. Bayan an gama a nemi fili marar jama'a a yi ta takawa a hankali har plaket ya zauna, kafin a kai ta bizit teknik, wato duba lafiyar mota na hukuma, kuma ko da sabon birki, Falez da giya lamba biyu ake sauka.

Ku ukun da kuka rubuto mini, kowa ya turo hoton mastarsa da lambar da ke jikinta, da lambar shasi, da faɗin janti, ya kuma gaya mini ko injinsa fetur ne ko dizal. Daga nan zan faɗa masa abin da zai samu a Garwa ko Injamena, abin da babu kuma in nema in aiko. A gaishe mini da iyayen gidana na gareji da dukan yara masu koyo.

Wassalam, ɗan'uwanku makanike, daga Liyon.